Kafin ka ɗora alƙalami: tambayoyi da amsoshi kan shirya maƙalar shawo kan mai karatu

Maƙalar shawo kai, wadda a makaranta ake kira insha'in muhawara, rubutu ne da marubuci ke ɗaukar matsaya a kan al'amarin da mutane suka saɓa a kai, sannan ya kawo hujjojin da za su jawo mai karatu gefensa. Yawancin waɗanda ke rushewa tun a wajen shiri suke rushewa, kafin a zo ga zaɓen kalmomi. Ga amsoshin tambayoyin da ɗalibai da sababbin marubuta suka fi yi a kan wannan shiri. Misali guda za mu riƙe mu yi ta juya shi, wato batun hana ɗalibai amfani da wayar hannu a makaranta.

Mece ce tambayar jagora? Ba take ba ke nan?

Take sunan filin da za ka shiga ne kawai. "Wayar hannu a makaranta" take ne, kuma ba ya neman komai a wurinka. Kana iya cika shafi goma a ƙarƙashinsa ba ka faɗi abin da wani zai musa ba. Tambayar jagora kuwa tana bin ka bashin amsa: "Ya kamata makarantun sakandare su hana amfani da waya tun daga ƙararrawar shiga har zuwa ta tashi?" Da zarar ka rubuta wannan, ka san abin da za ka nema, ka san abin da bai shafe ka ba, ka kuma san lokacin da aikinka ya ƙare.

Iri biyu ce. Akwai uwar tambaya, guda ɗaya tak, wadda amsarta ita ce matsayarka. Akwai kuma 'ya'yanta, ƙananan tambayoyin da sai an amsa su sannan amsar uwar take tsayawa da ƙafafunta. Kowace ɗiya, in ta girma, ita ke zama sakin layi ɗaya ko biyu a cikin maƙala.

Na riga na san ra'ayina. Me zai sa in tsaya yi wa kaina tambayoyi?

Saboda ra'ayi, muddin yana cikin kai, yakan yi wa mai shi kwarjinin da ba shi da shi. Sai an sauke shi a takarda, an bi shi da "don me?" sau biyu ko uku, sannan ake gane ko yana da ƙashi. Gwada ka gani. Ina so a hana waya. Don me? Tana ɗauke hankali. Hankalin wa, a wane lokaci, kuma ta yaya ka sani? A nan ne mutane da yawa ke yin turus, domin abin da suke tsammanin hujja ce ashe jin jiki ne kawai.

Ma'aunin da muka fi yarda da shi ga shi: tambayar jagora ta ƙwarai ita ce wadda amsarta za ta iya ɓata maka shiri. Idan ka jera tambayoyi bakwai, dukansu ka haddace amsarsu kuma dukansu suna goyon bayanka, to ba ka yi shiri ba tukuna. Mai karatun da ba ya tare da kai zai yi tambayoyin da ka tsallake, kuma a lokacin ba ka nan balle ka kare kanka. Takardarka ce kaɗai a gabansa.

Ta ina zan fara? Ina zaune da farar takarda, tambaya ko ɗaya ta ƙi zuwa.

Ka fara da gano inda gardamar take. Wannan dabara tsohuwa ce. Wani malamin balaga Bagirke mai suna Hermagoras ne ya tsara ta a ƙarni na 2 kafin haihuwar Annabi Isa, don masu tsayawa gaban alƙali, daga baya Sisero da sauran malaman Rum suka ɗauka suka faɗaɗa. Yadda malaman rubutu ke koyar da ita a yau, matakai huɗu ne kamar na tsani, kuma ba a tsallake na ƙasa a taka na sama.

Matakin farko na aukuwa ne. Shin abin yana faruwa? Ɗalibai na amfani da waya ana cikin darasi? Su nawa, sau nawa? Idan mai karatunka bai yarda akwai matsala ba, duk maganin da za ka kawo a banza ne.

Na biyu na ma'ana ne, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Me kake nufi da "hanawa"? Kada a shigo da waya harabar makaranta sam? A shigo da ita amma a miƙa a ƙofa? Ko ta zauna a jaka a kashe? Waɗannan dokoki uku ne daban, kowace da kuɗinta da wahalarta. Dokar da Faransa ta kafa a 2018 misali ce mai kyau: amfani da waya ta hana a firamare da ƙaramar sakandare, kuma ta bar ƙofa a buɗe ga ɗalibai masu buƙata ta musamman da kuma inda dokokin makaranta suka yarda a yi amfani da ita. Wanda ya rubuta cewa "Faransa ta haramta waya a makarantu" ya tsaya nan, ya bar rabin labarin. Mutum biyu kan kwana suna musu, ɗaya na nufin a bar waya a gida, ɗaya na nufin a kashe ta a aji, alhali da sun tsaya a kan ma'ana da tuni sun shirya.

Na uku na nauyi ne. Abin yana da muni? Muninsa ya kai ina, idan aka auna shi da amfanin da ke ciki? A nan ake shiga maganar abin da mutane ke daraja: natsuwar aji, 'yancin ɗalibi, kwanciyar hankalin iyaye.

Na huɗu na mataki ne. Me za a yi, wa zai yi, da me, daga yaushe? Wa ke da hurumin yanke hukunci, shugaban makaranta ko hukumar ilimi?

Ka rubuta tambaya biyu a ƙarƙashin kowane mataki, takwas ke nan. Sai ka tambayi kanka: a wane mataki ni da mai adawa da ni muka rabu? Nan ne zuciyar maƙalarka, nan za ka zuba mafi yawan kalmominka. Matakan da kuka yi ittifaƙi a kansu jimla ɗaya ko biyu ta ishe su. Kuskuren da muka fi gani shi ne marubuci ya ƙarar da sakin layi uku yana tabbatar da cewa waya na ɗauke hankali, abin da babu mai musu, ya bar ainihin rikicin, wato ko hanawa ce maganin, da layi biyu a ƙarshe.

Yaya zan gane tambayar da na tsara ta lalace?

Cututtukanta sanannu ne.

Akwai wadda ta haɗiye amsarta: "Me ya sa waya ke lalata tarbiyyar ɗalibai?" Ta riga ta yanke hukunci, ba abin da za ka yi sai tattara abin da ya dace da ita. Alamarta kalmar zargi ko yabo a tsakiyarta, irin su "lalata", "ɓarna", "ci gaba". Cire kalmar ka sake tambaya: "Wane tasiri riƙe waya a aji ke yi ga fahimtar darasi?"

Akwai mai ɗauke da tambaya biyu: "A hana waya kuma a hukunta iyayen da suka saya wa yara?" Taura biyu ba ta taunuwa. Mutum na iya amincewa da ta farko ya ƙi ta biyu. Duk inda ka ga "kuma" ko "da" na haɗa aiki biyu a cikin uwar tambaya, raba su, ka zaɓi ɗaya.

Akwai mai faɗin teku: "Fasahar zamani alheri ce ko sharri ga ilimi?" Littafi guda bai ishe ta ba. Ana ƙuntata ta da abu uku: su wa, a ina, a wane lokaci. Ɗaliban sakandare, a cikin aji, lokacin darasi.

Ta ƙarshe ita ce wadda babu gardama a cikinta: "A wace shekara Faransa ta kafa dokarta?" Wannan dubawa ake yi a samu amsa. Tana da amfani a matsayin ɗiya, amma ba za ta zama uwa ba. Uwar tambaya dole ta kasance wadda mutum biyu masu hankali, da suka san batun, za su iya amsawa daban.

Tambayoyi nawa suka isa?

Ga maƙalar kalma 800 zuwa 1,000, ka fara da goma zuwa goma sha biyu a takardar shiri, ka tace su koma biyar ko shida. Wajen tacewa, ka ɗauki kowace ka ce: idan na jefar da wannan, matsayata za ta girgiza? In ba za ta girgiza ba, jefar, komai daɗinta.

Ana cewa in san mai karatuna. Waɗanne tambayoyi zan yi a kansa?

Da farko ka ba shi fuska. "Jama'a" ba mai karatu ba ne. Shugabar makarantar da za ta aiwatar da dokar daban take da uban da ke son ya ji muryar 'yarsa idan an tashi, shi ma daban yake da ɗalibin da za a karɓe wa waya. Ka zaɓi ɗaya. Wanda ya fi cancanta shi ne na tsakiya, wanda bai yanke hukunci ba amma yana da ɗan shakku. Wanda ke tare da kai ba ya buƙatar maƙalarka, wanda ya kafe kuma shafi biyu ba za su motsa shi ba.

Sannan ka yi masa tambaya huɗu a takarda. Me ya riga ya sani, don kada in gajiyar da shi? Me yake tsoron rasawa idan aka bi shawarata? Wace irin hujja yake girmamawa, alƙaluma ko shaidar waɗanda abin ya shafa? Me nake so ya yi bayan ya ajiye takardar? Ta biyun ce ta fi sauran tsada. Mutum ba safai yake ƙin shawara don bai fahimta ba, yakan ƙi ne don ya hango asarar da marubuci bai ambata ba. Shugabar makaranta tana tunanin wa zai tsare wayoyi ɗari biyar, wa kuma zai biya idan ɗaya ta ɓata.

Aristotal, masanin falsafa Bagirke, tun a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, ya kasa hanyoyin shawo kan mai sauraro gida uku: amincin mai magana, halin da zuciyar mai sauraro ke ciki, da ƙarfin hujjar kanta. Mayar da su tambayoyi yana da sauƙi. Me zai sa ya yarda da ni? Me ya dame shi? Me zan nuna masa?

Na samo hujjoji da yawa. Yaya zan san wadda za ta ɗauki nauyi?

Ka yi wa kowace tambayoyin da alƙali zai yi wa shaida. Wa ya faɗa? Yaushe? Ta yaya ya sani? Yana da abin da zai samu idan an yarda da shi? Mutum nawa aka bincika, kuma sun yi kama da waɗanda nake magana a kansu? Binciken da aka yi a kan ɗaliban jami'a ba lallai ya zauna daidai a kan yaro ɗan shekara 12 ba. Alƙalumman da ba ka iya gano tushensu ba, komai yawan waɗanda suka yaɗa su a intanet, ka bar su. Lamba ɗaya ta ƙarya da mai karatu ya kama tana zubar da mutuncin sauran na gaskiya.

Bayan wannan akwai tambayar da ta fi kowace ɓuya. Masanin falsafa ɗan Birtaniya Stephen Toulmin ya nuna a 1958 cewa tsakanin da'awa da hujja akwai abu na uku, wanda yawanci ba a furta shi: zaton da ke haɗa su. Mu kira shi gada. Ga yadda take. Hujja: sakamakon jarrabawa ya ƙaru a wata makaranta bayan an hana waya. Da'awa: a hana waya a ko'ina. Gadar da ke ƙasa ita ce, "hanawar ce ta ɗaga sakamakon, kuma abin da ya yi aiki a can zai yi a ko'ina." Da ka rubuta ta a fili za ka ga inda take tsagewa. Ko a shekarar an sauya malamai? Ko an rage yawan ɗalibai a aji? Ko jarrabawar ce ta yi sauƙi? Abu biyu su faru a jere bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba.

Don haka a gefen kowace hujja ka rubuta: me zan ɗauka gaskiya ne kafin wannan ta kai ni ga waccan? Idan gadar abu ce da mai karatu zai karɓa ba musu, ka wuce. Idan zai tsaya a kanta, to ita ma tana buƙatar tata hujjar, kuma ka samu sabuwar tambayar jagora ke nan. A ganinmu wannan mataki kaɗai ya fi duk wani gyaran salo ɗaga darajar maƙala.

Dole ne in kawo ra'ayin masu adawa? Ba zan raunana kaina ba?

Dole ne. Sukar da ka ɓoye tana nan a zuciyar mai karatu, kuma shirunka zai fassara shi da ɗayan biyu: ko ba ka sani ba, ko ba ka da amsa.

Tambayar da za ka yi ita ce: mece ce hujja mafi ƙarfi da mai hankali zai kawo a kaina? Ka lura, mafi ƙarfi. Akwai jarabar ɗauko mafi rauni, irin su "wasu na cewa a bar yara su yi abin da suka ga dama", a kayar da ita cikin layi ɗaya. Mai adawa na gaske ba haka yake cewa ba. Cewa yake yi: yaran nan da waya za su rayu, in ba a koya musu kame kai da ita a makaranta ba, a ina za a koya? Yana kuma cewa akwai ɗalibin da wayar ce kaɗai ƙamus ɗinsa da ɗakin karatunsa. Gwajin adalci shi ne, idan mai wannan ra'ayi ya karanta yadda ka bayyana shi, ya ce "ƙwarai, haka nake nufi."

Daga nan hanya uku ce a gabanka. Ka nuna hujjar ba daidai ba ce. Ko ka amince gaskiya ce amma ka nuna taka ta fi ta nauyi. Ko ka gyara matsayarka ta ɗauke ta, misali ka yarda malami ya buɗe ƙofar amfani da waya a darasin da ya tsara. Ta ukun ba faɗuwa ba ce, sau da yawa ita ke haifar da maƙala mafi ƙwari.

Ka ƙara da tambaya guda: akwai hanya ta uku da ni da shi duk ba mu duba ba? A batun ledar zuba kaya, alal misali, Ruwanda ta haramta ta a 2008, Kenya a 2017, amma ƙasar Ayilan haraji ta ɗora mata a 2002. Wanda ya tsara muhawararsa a kan "a hana ko a bari" kaɗai, mai karatun da ya san da zaɓi na uku zai ga giɓin nan take.

Yaya ake mayar da amsar uwar tambaya ta zama jimlar matsaya?

Jimla ɗaya, mai ɗauke da abu uku: abin da kake so a yi, iyakarsa, da babban dalili. "Waya na da illa ga ɗalibai" ba ta kai ba, domin ba ta ce a yi komai ba. Wannan ta kai: "Ya kamata makarantun sakandare su sa ɗalibai su kashe waya su ajiye a jaka lokacin darasi, sai inda malami ya nema, domin natsuwar aji haƙƙin kowa ne kuma waya ɗaya na iya ɗauke hankalin layi guda."

Ka kiyayi "kullum", "duk", "babu wanda". Misali ɗaya tak ke karya su. "Galibi" da "a mafi yawan lokuta" ba tsoro ba ne, auna magana ne daidai da hujjar da ke hannu. Sai dai kada ka cika su har a rasa inda ka tsaya.

Daga tambayoyi zuwa tsarin maƙala fa?

Ka jera 'ya'yan tambayoyin yadda za su taso a zuciyar mai karatu, ba yadda suka zo maka ba. Kusan koyaushe jerin yakan bi tsanin nan: mece ce matsalar, me ya sa ta dame mu, me kake so a yi, zai yi aiki kuwa, ina batun kaza da masu suka ke faɗa. Amsar kowace a jimla ɗaya ita ce jimlar buɗe sakin layinta.

Ga maƙalar kalma 900, kaso mai aiki shi ne kamar 100 ga gabatarwa da matsaya, 500 ga hujjoji, 200 ga suka da martani, 100 ga kammalawa. Ɗari biyar ɗin nan ba a raba ta daidai wa daida. Hujjar da ke kan matakin da kuka rabu da mai adawa ita ke cin kaso mafi tsoka. Wajen jeri, kada ka binne mafi ƙarfi a tsakiya. Ka buɗe da ita ko ka rufe da ita. Idan mai karatunka mai shakku ne sosai, ka matso da sakin layin suka kusa da farko, domin ba zai saurare ka ba sai ya ga ka san damuwarsa.

A ɗakin jarrabawa babu lokacin wannan duka. Me zan rage?

Idan minti 45 gare ka, ka ba shiri 8, rubutu 30, bita 7. A cikin takwas ɗin, tambaya huɗu kawai, kowace da amsar da ba ta wuce layi ɗaya ba: Me aka tambaye ni daidai? Ina na tsaya? Waɗanne dalilai biyu ko uku ne zan iya kawo wa misali? Wace suka ce mafi ƙarfi? Ta farkon ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin umarni. Idan an ce ka goyi baya ko ka soki batu, gefe guda ake so ka ɗauka. Ɗalibai da yawa kan rasa maki don sun amsa tambayar da suka shirya mata daga gida maimakon wadda ke kan takarda. Dalilin da ba ka da misalinsa, ka bar shi, ko da ya fi sauran daɗin faɗa.

Na yi bincike, sai amsoshin suka saɓa wa matsayata. Yanzu fa?

Tambayoyin sun yi aikinsu ke nan. Ka duba girman ɓarakar. Idan hujja ɗaya ce ta faɗi, cire ta ka ga ko sauran za su riƙe. Idan iyakar da'awar ce ta yi faɗi, ƙuntata ta: daga "duk makarantu" zuwa "ƙananan azuzuwan sakandare", daga "duk yini" zuwa "lokacin darasi". Idan kuwa tushen ne ya tafi, ka sauya matsaya. Abin da ba ya halatta shi ne ka ga hujjar da ta karya ka, ka rufe ta da tafin hannu ka ci gaba. Wanda aka shawo kansa da ɓoye gaskiya an yaudare shi ne, kuma ranar da ya gano ba zai sake karanta ka da zuciya ɗaya ba.

Inda malami ne ya ɗora maka gefen da za ka kare, kamar a gasar muhawara, ka nemi sigar wannan gefe da za ka iya karewa ba tare da ƙarya ba. Kusan kowane gefe yana da irin wannan siga, ko da ƙarama ce.

Ya halatta in taɓa zuciyar mai karatu, ko sai alƙaluma zalla?

Ya halatta, har ma ana so. Yarinyar da ke zaune a layin baya tana ƙoƙarin bin lissafin da ke kan allo, ga hasken allon wayar maƙwabciyarta na walƙiya a gefen idonta kowane minti biyu: wannan hoto yana sa mai karatu ya ji abin da lamba ba za ta jiyar da shi ba. Tambayar da za ta tsare ka ita ce: wannan hoto yana wakiltar abin da ya saba faruwa, ko na zaɓo mafi muni ne don in tsorata mutane? Idan ka cire shi hujjar ta tsaya da kanta, to ka mayar da shi. Idan ka cire shi komai ya zube, sai ka koma neman hujja.

Zan rubuta tambayoyin jagorar a cikin maƙalar kanta?

Galibi a'a. Kamar katakon da magina ke takawa ne, in gini ya tashi sai a kwance shi. Amsoshin ne ke shiga. Tambaya ɗaya a gabatarwa, ko ɗaya da ka sa a bakin mai suka, ba laifi, da sharaɗin ka amsa ta nan take. Jera tambayoyi biyar a jere irin na "shin wannan adalci ne?" ba ya tabbatar da komai, kuma mai karatu na iya amsawa a ransa da abin da ba ka so.

Na gama daftarin farko. Tambayoyin sun gama amfani?

Da saura. Ka ɗauki daftarin, a gefen kowane sakin layi ka rubuta tambayar da yake amsawa, ba tare da ka leƙa takardar shirinka ba. Abu uku ke iya fitowa. Sakin layin da ka kasa samar wa tambaya, ya fita. Wanda ka samar wa biyu, a raba shi. Biyu da suka amsa tambaya guda, a haɗe su. Sannan ka kwatanta jerin da na takardar shiri, ka ga wace tambaya ce aka bari ba amsa. Yawanci ta masu suka ce, ko ta "wa zai aiwatar".

Bayan haka ka ba wani ya karanta, wanda bai san matsayarka ba, domin gwano ba ya jin warin jikinsa. Kada ka ce masa "ya yi kyau?", zai ce ya yi. Tambaya uku za ka yi masa: Me kake ganin nake so a yi? A wane layi ka fara shakka? Wace tambaya ce ta taso maka da ban amsa ba? Idan amsarsa ta farko ta saɓa da jimlar matsayarka, gabatarwa za ka gyara. Layin da ya nuna maka a ta biyu, ka duba gadar da ke ƙarƙashinsa. Ta ukun kuma ka ƙara ta a takardar shiri, ka yanke ko tana buƙatar jimla biyu ne ko sakin layi sukutum.